Neman injin sassaƙar ƙarfe na hannu a Kaduna

Asabar, 11 ga Janairu, 2025

Shekara tara ke nan ina walda da ƙera injin markaɗe da na sussukar masara a shagona da ke Tudun Wada, amma har yau duk shaf ɗin da zan sa, duk bushin, duk fuli, sai na ɗauka na kai wa masu injin sassaƙa a Panteka na bi layi. Ba laifinsu ba ne, aiki ne ya yi musu yawa. A kakar da ta wuce wani manomi daga Saminaka ya jira ni kwana goma sha ɗaya saboda shaf guda biyu, ranar da ya zo ɗaukar injinsa na kasa haɗa ido da shi. Tun daga ranar nake tara kuɗi.

Sabon inji ba na irina ba ne a wannan tsadar dala. Na hannu zan nema. Abin da nake so: wanda zai juya ƙarfe mai tsawon mita ɗaya ko sama da haka, wanda zai yanka zaren noti na milimita da na inci, ya zo da cok, wato bakin da ke damƙe ƙarfen yana juya shi, mai haƙori uku da mai haƙori huɗu. Zan riƙa rubuta abin da na gani a nan, don kada daɗin bakin dillalai ya mantar da ni abin da na fito nema.

Laraba, 15 ga Janairu

Na je gaida Baba, maigidana da ya koya mini riƙe magagari. Ya yi aiki a sashen gyaran injuna na ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri har zuwa ranar da aka rufe ƙofa. Idan ya fara labarin Kakuri ba ya gajiya: yadda aka buɗe masaƙar KTL a 1957, sauran masaƙu suka biyo baya, ga masana'antar makamai ta DICON tun 1964, ga kamfanin haɗa Peugeot a 1975. Kowace masana'anta tana da ɗakin injunanta, kuma yawancin injunan daga Ingila aka kawo su, Colchester da Harrison, sai na milin, wato mai yanka lebur da kwari a jikin ƙarfe, ƙirar Bridgeport. Da masaƙu suka durƙushe a farkon shekarun 2000, injunan suka watsu. Wasu suka faɗa hannun masu sana'a, wasu 'yan gwangwan suka saye su a kan sikeli, kilo-kilo, aka farfasa. Idan ya zo nan sai ya yi shiru.

Na gaya masa abin da ke tafe da ni. Ya ce, "Ɗana, inji ba shi da wuyar samu a garin nan. Mutumin da zai gaya maka ciwon injin kafin ka gano da kanka, shi ne mai wuyar samu. Shi za ka nema."

Sannan ya shiga ɗaki ya fito da agogon awonsa mai gindin maganaɗisu, wanda allurarsa ke nuna kaucewar ƙarfe, da maikuromita ta auna kauri ƙirar Mitutoyo, a naɗe cikin tsohon ƙyalle, ya ce aro ne. Ya kafa mini sharaɗi uku. Kada na ba da kafin alƙalami a kan injin da ban ji kukansa ba. Kada na je kallon inji da yamma ko a ɗaki mai duhu. Kuma duk inda zan je na tafi da guntun ƙarfena na gwaji, kada na yarda da wanda mai inji zai miƙo mini.

Lahadi, 26 ga Janairu

Mako biyu ina yawo. Tsohuwar Panteka, Sabuwar Panteka, Kakuri, Kudenda, har Mando. Na ga injuna bakwai. Huɗu daga ciki ba sa buƙatar dogon bayani, ruwan sama ya gama da su a fili, tsatsa ta ci gadon, wato dogon jikin da sassan injin ke zamewa a kai, har ta yi ramuka. Abin da na lura shi ne da wuya ka haɗu da mai inji kai tsaye. Kana furta abin da kake nema, mutum uku za su ce suna da shi, kuma duk su ukun inji ɗaya suke nufi, kowa ya ɗora nasa a kai. La'ada halal ce, ban ƙi biya ba. Amma ina so na san wa ke sayarwa, wa ke dillanci.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau na kusa faɗawa rami, don haka zan rubuta shi dalla-dalla.

Wani dillali ya kai ni wani sito a bayan Kakuri. Ana yaye tamfol sai ga inji yana sheƙi, koren fenti sabo fil, hannayensa duk an goge su. Gaskiya zuciyata ta buga. Mai wurin ya ce daga jirgi aka sauke shi, ko wata uku bai yi a ƙasar nan ba. Na ce a jona masa wuta. Ya ce babu wuta mai layi uku a siton. Na ce zan yi hayar janareta da kuɗina. Ya ce ai ba sai an kai ga haka ba, shi da sunansa a garin nan.

Tun da ba za a kunna ba, na yi abin da hannu zai iya. Na kawo sirdin injin, wato ɓangaren da ke ɗauke da wuƙar yanka yana tafiya a kan gado, kusa da cok, na ɗan ɗaure makullinsa yadda zai tafi da ɗan nauyi, sannan na fara mirgina shi zuwa wutsiya, wato matallafin da ke ɗaya ƙarshen gadon. Ko taku ɗaya bai yi ba ya cije, sai da na sassauta makullin kafin ya wuce. Ma'anar wannan a bayyane take ga duk ɗan sana'a: yawancin aiki kusa da cok ake yin sa, don haka nan gado yake fara cinyewa, ya yi kwari, can wajen wutsiya kuwa yana nan yadda aka ƙera shi. Na sa farce a gefen gadon na ji tudu kamar bakin matakala. Injin da gadonsa ya cinye haka ba zai ba ka shaf miƙaƙƙe ba, kuma gyaransa sai an kwance komai an kai gadon inda za a wasa shi daga farko zuwa ƙarshe, kuɗin da zai iya kamo kuɗin injin.

Na buɗe murfin giya na haska fitilar waya. Giya ɗaya an cike haƙoranta biyu da walda an gyara da magagari. Ni mai walda ne, na san hannun ɗan'uwana idan na gani. Fentin kuwa har kan ramukan zuba mai aka shafa shi, ya toshe su, wato wanda ya yi fentin bai damu da ko injin zai sake shan mai ba.

Na nuna wa mai wurin. Bai musa ba, bai kuma ji kunya ba, cewa ya yi to nawa zan rage. A nan na gane ya san komai tun farko, jira yake ya ga ko ni na sani. Na yi masa sallama. Dillalin ya biyo ni har bakin titi yana cewa, "Oga, ka tsaya a daidaita mana." Na ba shi kuɗin mai, na ce Allah ya haɗa kowa da rabonsa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Wani ya turo mini hotunan inji ta WhatsApp, ya ce yana Legas, wajen Owode Onirin, farashi mai sauƙi ƙwarai, na tura rabi a ɗoro shi a mota. Na ce ya kira ni ta bidiyo yana tsaye kusa da injin, ya nuna mini lambar da aka buga a ƙarshen gadon. Sau uku yana cewa gobe. Ba na cinikin biri a sama. Na goge lambar.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Kano, sammako. Na zaga Ƙofar Ruwa da wasu wurare a Sharaɗa. Kaya sun fi na Kaduna yawa, ban ga abin da ya dace da aljihuna ba, amma tafiyar ba ta tashi a banza ba. Na ga wani inji ɗan Amurka mai kyau, farantin motonsa ya nuna an ƙera shi ne don wuta mai 60Hz. Wutarmu 50Hz ce, don haka zai yi gudu ƙasa da abin da aka rubuta da kashi ɗaya cikin shida, kuma dole a duba ko naɗinsa zai ɗauki 415V ɗinmu. Dogon sukurunsa, wanda ke jan sirdi a lokacin yanka zare, na inci ne, kuma giyoyin canjinsa sun ɓace, har da mai haƙora 127 da ake yanka zaren milimita da ita. Lissafin mai sauƙi ne, inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka ninka sau biyar ka sami 127. Babu wannan giyar, rabin aikina ya tafi, domin injunan ban ruwa da babura da ake kawo mini duk milimita ne.

Mai injin shi ya fara gaya mini giyoyin babu, tun kafin na tambaya. Na karɓi lambarsa. Ko ban sayi wannan ba, irinsa nake nema.

Litinin, 10 ga Maris, 10 ga Ramadan

Azumi ya rage mini yawo, sai na koma tunani. Na gane kuskurena: ina tambayar masu sayarwa wa ke da gaskiya, alhali kowa kansa zai nuna. Waɗanda ya kamata na tambaya su ne waɗanda inji ke bi ta hannunsu bayan an gama ciniki.

Na fara da mai naɗin koyil da ke gyara mini moto. Shi ake kai wa moto idan ya ƙone mako ɗaya bayan saye, ya san daga wurin wa kowanne ya fito. Sai direbobin motoci masu ƙugiya da ke ɗaukar injuna, su suka san injin da suka kai, suka kuma dawo da shi bayan an yi rigima. Sai tsofaffin masu sassaƙa biyu a Panteka. Ban ce su gaya mini wa ke cuta ba, ba na son gulma a bakin mai azumi, kuma ba za su faɗa ba. Tambaya ɗaya na yi wa kowa: idan ɗanka zai sayi inji gobe, wurin wa za ka kai shi?

Mutum biyar na tambaya. Uku sun ambaci wani Alhaji guda da ke da fili kusa da Sabuwar Panteka. Na taɓa wucewa ta gabansa a Janairu ban tsaya ba, saboda injunansa duk baƙi ƙirin suke da tsohon mai, babu mai sheƙi ko ɗaya.

Talata, 18 ga Maris

Na je wurin Alhajin da hantsi, na tafi da Baba a bayan babur. Ashe sun san juna tun zamanin masaƙa, gaisuwarsu kaɗai ta ci minti goma.

Ya nuna mana Colchester Triumph 2000. Kafin na ajiye jakata ya ce, "Malam, bari na gaya maka abin da ke damunsa, sannan ka duba naka. Notin sirdin gicciye ya cinye, hannun yana wasa. Cok mai haƙori uku ya gaji, kada ka dogara da shi a aikin boris. Famfon ruwan sanyaya ƙarfe ya mutu. Ban da waɗannan ban san wani abu ba, in ka gano ka nuna mini, ni ma na ƙaru." Na waiga na dubi Baba. Yana kallon wani wuri daban, amma na ga gemunsa yana motsi.

Alhaji ya sa yaransa suka tayar da janareta. Injin yana da gudu iri 16, daga 25 zuwa 2000 a minti, kuma sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya, gaba da baya, ina saurare. Baba ya ɗora tsinin sukundireba a kan akwatin giya, ya kafa kunne a ƙotar, kamar likita. Man inji yana gudana a ɗan gilashin duba mai. Muka bar shi yana juyawa kusan rabin awa a gudu mai ƙarfi, na taɓa wajen boris na gaba, ɗumi ne kawai, ba zafi ba. Na cire cok na kafa agogon awo a hancin sandar da ke juya cok ɗin, allurar ba ta wuce milimita 0.01 ba. Gwajin sirdin da ya tona asirin injin Kakuri na maimaita shi a nan: ya ɗan yi nauyi can kusa da wutsiya, amma ya wuce ba tare da na taɓa makulli ba. Hannun sirdin gicciye, mai tura wuƙa cikin ƙarfe, yana wasa kamar yadda Alhaji ya faɗa, wasan ya kai milimita 0.6.

Sannan na ciro ƙarfena, mai kaurin milimita 50, na ɗaure shi ya fito milimita 200 ba tare da tallafin wutsiya ba. Na yi yanka mai sauƙi sau biyu, na auna kai da gindi. Bambancin milimita 0.04. Baba ya ce a kan wannan ƙasar da injin yake zaune a karkace, wani ɓangaren bambancin murɗewar gado ce, zai ragu idan aka zaunar da shi daidai.

Na tambayi asalin injin. Alhaji ya shiga ofis ya fito da fayil, ga takardar gwanjon kamfanin da ya sayar, ga lambar injin a jiki, ta yi daidai da wadda ke kan gado. Wannan ya kwantar mini da hankali fiye da komai. Akwai injunan da ke fita daga makarantun koyon sana'a da ma'aikatu ta bayan gida, kuma ranar da aka biyo sawu, a shagonka za a same shi.

Kuɗin da ya faɗa ya fi na injin Kakuri mai fenti. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya ɗan sauko, ya ce daga nan ba zai motsa ba, amma zai haɗa mini da cok mai haƙori huɗu da matallafin dogon ƙarfe. Abin da ke hannuna bai kai ba. Ya ce na je na yi shawara har bayan Sallah, ba zai karɓi ko sisi ba, idan wani ya zo zai kira ni tukuna.

Asabar, 5 ga Afrilu

An yi Sallah ranar Lahadin da ta wuce. Na sayar da tsohon janaretan waldata na biyu, yayana ya ranta mini cikon. Yau muka rubuta takarda: sunan inji, lambarsa, duk abin da zai biyo shi ɗaya bayan ɗaya har makullin cok, da lahani ukun da ya ambata. Alhaji da kansa ya ce a ƙara cewa idan na kafa shi cikin mako biyu na sami wani babban ciwo a akwatin giya wanda ba mu gani ba, na dawo da shi. Baba ya sa hannu a matsayin shaida, wani maƙwabcin Alhaji shi ma ya sa. Na tura kuɗin ta banki don ya zama akwai alama.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ɗauko shi ya fi ciniki tayar mini da hankali. Ya haura tan ɗaya, kuma nauyinsa a sama yake ta wajen kai, ƙaramin kuskure sai ya kife. Yaron motar ya so ya zagaya igiya ta kan dogon sukuru da sandar tafiya, na yi tsalle na hana, da ya ɗaga haka da sun lanƙwashe. Muka sa katako tsakanin igiya da jikin inji, muka tura sirdi da wutsiya can ƙarshe don nauyi ya daidaita. A ƙofar shago muka mirgina shi a kan fayif uku, da kaɗan-kaɗan, awa biyu kafin ya kai inda na zuba masa kankare.

Da mai wuta ya jona, moto ya juya a baibai. Na kashe nan take, aka sauya waya biyu, ya dawo daidai, mai ya bayyana a gilashi.

Asabar, 19 ga Afrilu

Baba ya kwana biyu yana zuwa, muna ɗaga ƙafafun injin muna saukewa da ma'aunin lebur. Gwajin milimita 200 yanzu yana ba da 0.015. Aikin farko da injin ya yi na kansa ne: na sassaƙa masa sabon notin tagulla na sirdin gicciye, Baba yana tsaye a kaina yana cewa, "A hankali, yaro, tagulla ba ta son gaggawa."

Yanzu na shiga neman kayan yanka da na awo, kuma a nan ma sai an buɗe ido. Na sayi baniya mai batir, abin auna kauri da rami, a wani shago, da sunan babban kamfani a jikinta, a farashin da ya kamata ya sa ni zargi. Kwana shida batir ya mutu, kuma idan na rufe ta na buɗe ba ta komawa sifili. Tun daga nan nake yawo da sabon boris 6205 a aljihu. Raminsa milimita 25 ne, bayansa 52, kaurinsa 15, kuma masu ƙera boris ba sa wasa da awo. Duk abin awon da za a sayar mini sai ya faɗi waɗannan lambobin, sau uku a jere. Wani mai shago ya ɓata rai da na fito da shi. Wani kuma dariya ya yi, ya ce na gwada duk wadda nake so, sannan ya fito da biyu ya ce wannan ta asali ce, wannan kwaikwayo ce, ga kuɗin kowace. Shi ne ya zama mai shagona.

Haƙoran kabaid, wato ƙananan bakunan yanka masu tauri da ake ɗaurawa a wuƙa, su ma haka. Kwalin yana iya ɗaukar sunan Sandvik ko Kennametal, na ciki kuwa ya dakushe a yanka biyu. Na roƙe shi ya riƙa sayar mini da ƙwaya ɗaya na gwada kafin na ɗauki kwali, ya yarda. Kafin nan ina wasa wuƙaƙen HSS, na ƙarfe mai tauri, da hannuna kamar yadda Baba ya koya mini, sun ishe ni yawancin aikin ƙarfe mai laushi.

Asabar, 3 ga Mayu

An yi ruwa mai ƙarfi daren jiya, na sami ɗigo biyu daga kwano daidai kan gadon injin. Na goge, na shafa mai, na hau na toshe ramin kafin na buɗe shago.

Manomin Saminaka ya kawo injin ban ruwansa ranar Laraba, shaf ya cinye a mazaunin boris. Ya zauna a benci yana kallo, kafin la'asar ya ɗaure kayansa a babur.

Cok mai haƙori uku yana nan yadda Alhaji ya faɗa, yana kaucewa da kusan 0.2, don haka duk aikin boris a mai haƙori huɗu nake yi da agogon Baba. Ina neman wani, amma dole ya zama mai ƙusa shida irin na hancin wannan injin, D1-6, ba mai uku na ƙananan Colchester ba. Alhaji ya ce akwai kaya da yake jira ƙarshen wata, zai duba mini, har da ƙaramin injin milin da ya ce teburinsa yana da rauni a gefe ɗaya, na zo na gani da idona. Na gaya masa milin sai bayan kaka, idan na biya yayana.

Agogon awo da maikuromita zan mayar wa Baba ranar Juma'a. Na tambayi mai shagona kuɗin irinsu da zan saya na kaina, ya ce na zo da boris ɗina ranar Litinin.